Motar da ke rawa in an taka birki: halinta ne ko ciwo ne?

Tambayar ta daɗe tana yawo a tashoshinmu, daga Gumel zuwa Ringim, daga Wudil zuwa Gaya. Mota tana tafiya sumul, amma da an ɗora ƙafa a birki sai sitiyari ya kama rawa kamar mazari. Me ke damunta? Amsa uku ake ji. Direba ya ce halinta ne, haka aka sayo ta. Makanike ya ce dis ya lanƙwashe, a kawo kuɗi a sayo wani. Mai faci ya ce tayoyi ne, a je a yi balansin. Kowannensu yana riƙe da guntun gaskiya, kuma kowanne ya ja maganar ta inda abincinsa yake.

Wata Lahadi na taso daga kasuwar Gujungu a cikin Sharon. But ba ya rufuwa saboda buhuna, da igiya aka ɗaure shi, ga awaki biyu a kan kayan. Muna cikin gudu sai ga garken shanu yana tsallake titi. Direba ya taka birki. Sitiyari ya dinga fizgar hannunsa, carbin da ke rataye a madubi ya hau kaɗawa, robar ruwan da ke gabansa ta faɗo ƙasa, wata dattijuwa a baya ta kama salati. Da muka tsaya, tsakaninmu da san ƙarshe bai fi taku uku ba. Wani dattijo da ke gidan gaba ya ce, "Direba, motar nan taka lafiya kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, halinta ne. In ba ta yi haka ba ma ba na sanin birki ya kama."

Ƙarfe ba shi da hali. Babu kamfanin da ya ƙera mota da irin wannan rawa a birki, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Me ke faruwa a bayan taya idan an taka birki?

Idan ka taka feda, man birki take turawa ta cikin siraran bututu zuwa kowace ƙafa. A ƙafafun gaba akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, shi ne makanikai ke kira dis. Wani muƙamuƙin ƙarfe da ake kira kalifa ya rungume gefen faifan, a cikinsa akwai fad guda biyu, wato 'yan allunan da ke gogar faifan, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Man ya turo, fad biyun su matse faifan, kamar ka sa yatsu biyu ka kama faranti yana juyawa. A ƙafafun baya na motoci da yawa, irin ƙananan Golf 3 da tsofaffin Corolla, ganga ce maimakon faifai: takalman birki biyu ne a cikinta suke buɗewa su gogi bangonta daga ciki.

Gudun da motar ta ɗauko kuwa zafi yake komawa, kuma faifan ne ke shanye shi. Lissafin ba shi da tausayi. In ka ninka nauyin mota, zafin ya ninka sau biyu. In ka ninka gudu, zafin ya ninka sau huɗu. Ƙafafun gaba su ke ɗaukar wajen kashi biyu cikin uku na aikin, ko fiye, domin in an taka birki nauyin motar gaba yake zubowa.

Tayar Golf a gudun kilomita 80 a awa tana zagayawa kusan sau 12 a daƙiƙa ɗaya. To in akwai wani wuri a jikin faifan da ya fi sauran kauri, sau 12 a kowace daƙiƙa zai ratsa tsakanin fad ya ture su baya. Turin nan shi ke bin man birki ya dawo ƙarƙashin ƙafarka, shi ke bin ƙarafan sitiyari ya iso hannunka. Shi ya sa rawar take da sauri a babban gudu, ta dinga sassautawa yayin da motar ke tsayawa, har a ƙarshe ka ji tana kamawa tana saki, kamawa tana saki.

"Dis ya lanƙwashe": ina gaskiyar take?

In makanike ya ce faifai ya lanƙwashe, mutum sai ya zaci wani abu ne kamar murfin tukunyar da aka taka. Ba kasafai hakan ke faruwa ba. Faifan birki ƙarfen zubi ne mai kauri, ba ya lanƙwashewa da sauƙi. Abin da ya fi faruwa shi ne kaurinsa ya daina zama ɗaya: nan ya fi, can ya gaza. Bambancin kuma bai kai yadda ido zai gani ba. Milimita 0.02 zuwa 0.03 ya isa direba ya ji a ƙafarsa, alhali silin gashin mutum ma yana kai wajen milimita 0.07. Saboda haka wanda ya cire taya ya leƙa ya ce maka "dis ɗinka lafiya lau, kalli yadda yake sheƙi" bai gaya maka komai ba.

Ta hanya biyu kaurin ke lalacewa. Ta farko, faifan ya zauna a karkace a kan mazauninsa, wato hob. Yawancin kamfanoni ba sa yarda karkatar ta wuce wajen milimita 0.05. In ta wuce, to duk zagaye ɗaya sai gefen da ya turo ya shafi fad, ko da ba a taka birki ba. Shafa ce 'yar kaɗan, amma ana yin ta dare da rana, daga Haɗeja zuwa Kano, daga Kano zuwa Haɗeja. Bayan dubban kilomita wurin ya cinye, ya fi sauran siranta. Wannan shi ne sirrin abin da direbobi da yawa ke kuka da shi: an sa sabon faifai, mota ta yi shiru wata biyu ko uku, sai rawa ta dawo, a ce ai jabu aka sayar musu. Sau da yawa faifan ba shi da laifi, zaman da aka yi masa ne ba daidai ba.

Ta biyu, fad ya shafe a jikin faifan ba daidai ba. A ƙa'ida, fad yana barin wani siririn shafe a fuskar faifai, kuma ana son hakan muddin ya game ko'ina. Amma in faifan ya ɗau zafi sosai, aka tsaya cak aka ci gaba da danne feda, sai fad ɗin ya manna tabonsa a wuri guda. Wani lokaci in an cire taya za ka ga shatin fad ɗin ɓaro-ɓaro, kamar an buga hatimi. In zafin ya yi tsanani, wasu wurare su yi shuɗi-shuɗi ko duhu, ƙarfen wurin ya ƙanƙare ya fi na kewayensa tauri, ya ƙi cinyewa tare da sauran.

A yi wa makanike adalci: faifan da ya tsufa ya sirance, ko wanda aka yi da ƙarfe maras kyau, yana iya karkacewa da gaske. Maganarsa ba ƙarya ba ce. Illarta dai tana tsayar da bincike tun bai fara ba. Faifan shi aka cuta. In an canza shi ba a nemo wanda ya cuce shi ba, an bar jaki ana dukan taiki.

Su wa ke cutar faifan a hanyoyinmu?

Na farko yana bakin titi, wajen mai faci. Kowa ya san yadda ake yi. An gama faci, an mayar da taya, yaron shago ya ɗaure noti na farko tam, ya zura dogon bututu a wil sifana, ya hau kai da ƙafa biyu yana tsalle har sai ƙarfe ya yi ƙara, sannan ya koma na kusa da shi, ya bi su a jere. Mai mota yana tsaye yana jin daɗi, a ransa an ɗaure masa taya da kyau. Ga abin da kamfani ya ce: Corolla ma'aunin ɗaurin notinta Nm 103 ne, Golf 3 kuwa Nm 110. Ma'anarsa, kamar ka rataya nauyin kilo 10 ko 11 a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya. Yaro mai kilo 50 da ya tsaya a ƙarshen bututu mai wannan tsawon ya ninka abin da ake so fiye da sau huɗu, tun bai fara tsalle ba. Kuma ba zai yi wa notin duka tsalle iri ɗaya ba. Faifan yana matse ne tsakanin rim da hob, don haka ɗaurin da ya fi ƙarfi ta gefe guda yana iya karkatar da zamansa. Yadda ya kamata, a fara kama notin duka da hannu, sannan a ɗaure su kaɗan-kaɗan ana tsallakawa: mai noti huɗu a yi gicciye, mai biyar a tsallake ɗaya a kama na gaba, a zagaya sau biyu ko uku. Wannan ko sisi ba ya ci.

Na biyu ƙasa ce da tsatsa. Garejinmu na karkara gindin darbejiya ne, a kan turɓaya ake aje faifai da noti da komai, ga hazon hunturu yana zuba. Ƙwayar yashi ɗaya ko ɓawon tsatsa da ya maƙale tsakanin hob da faifai ya fi waccan milimita 0.05 kauri nesa ba kusa ba. Burushin ƙarfe da takardar goge ƙarfe na minti biyar sun isa su raba gardama, amma nawa ne ke yi?

Na uku kalifa ce da ta ƙi sakin faifai. Tana zamewa ne a kan wasu ƙusoshi biyu masu maiƙo, waɗanda 'yar roba ke rufewa. Robar ta yage, ƙurar burji ta shiga, ruwan damina ya biyo baya, ƙusar ta ci tsatsa ta kafe. Daga nan fad yana goge faifai ko an saki feda. Ƙafar tana zafi fiye da 'yar uwarta, ana jin ƙauri, mota tana ja gefe guda, fad ɗaya ya cinye ɗayan yana nan da sauransa, ga shan mai ya ƙaru. Nan ma akwai kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya: a lafta wa ƙusoshin giris na gama-gari ko baƙin mai. Irin wannan maiƙon yana kumbura robar, ba a jima ba ƙusar ta sake kafewa. Akwai giris na birki na musamman wanda ba ya cin roba.

Na huɗu lodi ne da salon tuƙi. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu da dogayen gangaren da ke ƙona birki irin na hanyar Jos. Namu zafin daga wani wuri yake zuwa: gudu da kaya, sai birkin gaggawa. Rami, shanu, ɗan acaɓa, shingen jami'an tsaro, tudun rage gudun da ke bakin kowane gari. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, direban haya ba ya son tashi sai mota ta cika ta batse, musamman ranar Alhamis ta Maigatari ko Juma'ar Wudil. Sannan ga ɗabi'ar sa mota a firi don a rage shan mai. Motar da ke cikin giya, injin yana taya birki riƙe ta da zarar an ɗaga ƙafa daga totur. Wadda ke firi kuwa, nauyin duka a wuyan faifai yake. Masu kashe injin gaba ɗaya a kan gudu sun fi kowa ganganci, domin abin da ke tausasa fedar birki da iskar injin yake aiki; taku biyu ko uku, feda ta koma kamar dutse.

Na biyar ruwa. Da damina, duk wanda ke bin hanyoyin Auyo, Miga ko Kafin Hausa ya san yadda ake afka wa ruwa kwance a kan hanya. Faifan da ya yi zafi jau, aka tsoma shi a ruwan sanyi, wani ɓangare ya riga wani hucewa, yana iya karkacewa ko ya tsattsage. Haka wanda ya iso daga doguwar tafiya ya miƙa wa yara mota su wanke nan take, ko wanda ya ji ƙauri ya kwara wa ƙafar bokitin ruwa. Motar da ta daɗe a ajiye da damina kuma faifanta yana yin tsatsa ko'ina ban da inda fad ya rufe. In tsatsar ba ta yi zurfi ba, 'yan taku kaɗan sun share ta.

Inda rawar ta fito, nan ciwon yake

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, direba da kansa zai iya yin rabin binciken. A sami titi mai kyau, babu mutane, babu kaya a mota.

In rawar a sitiyari take, yana kaɗawa hagu da dama, a nemi ciwon a ƙafafun gaba. In sitiyari shiru amma kujera da ƙasan mota ne ke girgiza, a duba baya. A motar da ke da ganga a baya ana iya tabbatarwa: a gudun da bai wuce kilomita 30 ba, a danne maɓallin hambirki a ɗaga shi a hankali, kada a fizga. In an ji motar tana kamawa tana saki, gangar ta daina zama da'ira, ta koma siffar ƙwai.

In kuwa motar tana rawa ko ba a taɓa birki ba, musamman tsakanin kilomita 90 da 110, ta lafa in an rage ko an ƙara gudu, to nan mai faci ya yi gaskiya. Balansin ne, ko rim ya lotse a rami, ko taya ta yi ƙulu, ko kuwa busasshen taɓo ne ya maƙale a cikin rim ta gefe guda. Na taɓa ganin an kusa sayen tayoyi biyu a kan laka da tsinke ya isa ya ɓanɓare.

Akwai kuma rawar da ke zuwa da ƙara, ƙwas ko gum, daidai lokacin da birki ya kama, mota ta ɗan yi yawo a titi. Wannan ta ƙarafan ƙafa ce: bushin (robobin da ke mahaɗar ƙarafan), boljoin (gaɓar da ƙafa ke juyawa a kai), tairod (sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa) ko boris (abin da taya ke gungurawa a kai). A ɗaga ƙafar da jak, a kama tayar ta sama da ƙasa a jijjiga. In tana motsi, boris ne ko boljoin. A kama ta hagu da dama. In tana motsi, galibi tairod ne. Waɗannan in sun saki, ɗan rashin daidaiton da faifai ke da shi, wanda da ba za a ji ba, sai ya zama babbar rawa. Boris mai motsi kuma shi da kansa yana karkatar da faifai, ya lalata sabo cikin ɗan lokaci. Tunda an ɗaga, a juya tayar da hannu a saurara. In ana jin shaf, shiru, shaf, shiru, wuri ɗaya ne ke taɓa fad. In ta ƙi juyawa sai da ƙarfi, kalifa ta riƙe. Kada dai kowa ya zura kai ko hannu ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita a kan turɓaya. A tokare ta da kututture mai ƙarfi.

Gwajin zafi ma yana da amfani. A yi tafiyar kilomita biyar ko goma ba tare da yawan taka birki ba, a tsaya, a kusantar da bayan hannu ga kowane rim, ba tare da an taɓa ba. Ƙafar da ta fi 'yar uwarta huci ita ce mai laifi.

Hukuncin ƙarshe na ma'auni ne. Akwai agogon awo mai allura da ake kafawa a jikin faifai a juya shi, ya nuna karkata. Akwai kuma ma'aunin kauri da ake kama faifan da shi a wurare kamar takwas. A karkara da wuya ka same su, sai an shiga Kano, Dutse ko Haɗeja, can ma ba kowane gareji ba. Dabarar wasu tsofaffin makanikai ita ce su kafa alli dab da fuskar faifan su juya. Inda allin ya shata, nan ya turo. Tana kama babbar karkata, ƙarama kuwa sai ta wuce.

Rawar da ba ciwo ba ce

Motocin da ke da ABS suna da tasu rawar ta lafiya. Na'ura ce da Mercedes da Bosch suka fito da ita kasuwa a 1978, aikinta ta hana taya kullewa ta ja ƙasa. In an taka birki da ƙarfi, ko a kan yashi, burji ko jiƙaƙƙen titi, sai ta dinga saki tana kamawa sau da yawa a daƙiƙa, feda ta yi gurnani a ƙarƙashin ƙafa. Direban da bai sani ba sai ya tsorata ya ɗaga ƙafa, alhali lokacin ne ya kamata ya ƙara dannewa. Bambancinta da rawar faifai a fili yake: ita sai a birkin gaggawa ko santsi, waccan kuwa ko a taku mai sauƙi a kan busasshiyar kwalta tana nan. In ABS tana tashi mota na tafiyar ƙafa a titi mai kyau, ƙura ce ko ɓarɓashin ƙarfe ya rufe ɗan idon da ke karanta juyin taya, ko zoben haƙoran da yake karantawa ya tsage. Masu cire ƙwan fitilar ABS don kada mai saye ya gani, Allah ya shirye su.

Aski, na Beljiyam, ko sabo?

Nan makanikai suka rabu. Wasu sun ce a kai faifan wajen masu injin fere ƙarfe a aske fuskarsa, ya fi araha, kuma tsohon ƙarfen kamfani ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Wasu sun ce aski ɓata kuɗi ne, a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano a ɗauko na Beljiyam. Wasu kuma sun ce birki ba wurin gwanjo ba ne, sai sabo dal a kwali.

Alƙalin yana jikin faifan. A gefensa ko a cibiyarsa an zana wasu haruffa, MIN TH, da lamba a gabansu. Wannan shi ne mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai. A faifai mai ramukan iska a tsakiya, galibi milimita 2 ne kacal tsakanin sabo da wannan iyakar. In bayan aski zai tsaya sama da lambar, kuma babu tsaga ko shuɗin tabo, aski halal ne. In zai faɗa ƙasa, an sayi wahala: siririn faifai ba ya ɗaukar zafi, rawar za ta dawo da wuri, kuma yana iya tsagewa. Tabon da ya ƙanƙare kuwa aski ba ya raba shi da faifai, yana ƙasa yana jira. Sannan askin sai gwani. In an ɗaura faifan a karkace a kan injin, za a fere shi a karkace, a yi gyaran gangar Auzinawa. Masu ɗaukar injin gurza na hannu su bi fuskar faifai da shi, wannan ba gyara ba ne ko kusa.

Na Beljiyam sa'a ce. Wani ya fi sabon kasuwa, wani kuma an cire shi ne a can saboda irin ciwon da kake gudu. A shafa gefensa da farce: in akwai tudu mai kama farce sosai a baki, ya ci rabonsa. A ra'ayina, motar haya da ke ɗaukar rayuka kullum ta cancanci sabo mai sunan kamfani sananne, ko da za a jira mako guda a tara kuɗin. Kowanne aka zaɓa dai, biyu ake canzawa, hagu da dama tare, da sabbin fad. Tsohon fad ya riga ya ɗau siffar tsohon faifai. Fad da ya rage milimita 3 ya gama aiki, kada a jira sai ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Sabon faifai kuma yana zuwa da maiƙon hana tsatsa, sai an wanke shi tas kafin a ɗaura.

Bayan an ɗaura akwai aikin da kusan kowa ke tsallakewa, wato sabar da fad da faifai. A hau titi mara cunkoso, a kai kilomita 60, a taka birki matsakaici har a sauko wajen 10, kada a tsaya cak, a sake hawa. A yi haka sau takwas ko goma, sannan a yi tafiyar 'yan mintuna ba birki don su huce. Kilomita 200 zuwa 300 na farko a bi su a hankali. Wanda ya fito daga gareji ya wuce kai tsaye ya yi lodin buhunan riɗi ya kama hanya da gudu, shi ya buga wa sabon faifansa hatimin farko.

Tunda an buɗe wurin, a leƙa man birki. Shi ba ya jawo rawa, amma zafin da ya lalata faifai shi ke tafasa shi. Nau'in man da ake kira DOT 3, in sabo ne, yana tafasa a digiri 205, in ya sha danshi ya sauko wajen 140. DOT 4 kuwa 230 ne, ya sauko 155. Man da ya tafasa, feda ƙasa take tafiya ba ta kama komai. Shi ya sa ake son a sauya shi duk shekara biyu, ba a yi ta ƙari a kan tsoho ba.

Wa ke biyan kuɗin rawar?

Birkin da ke kamawa yana saki ba ya tsayar da mota a tazarar da ya kamata. Abin da ya fi wannan muni, direban da sitiyari ke fizga yakan sassauta ƙafa ba tare da ya sani ba. A gudun kilomita 100, mota tana cin wajen mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Rabin daƙiƙa na shakka ya fi tsawon motoci uku. Sannan girgizar tana bin tairod, boljoin da boris tana kwance su ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya fara da burushi da giris ya koma sayen rabin ƙafa.

Direban haya ya san wannan, ba jahilci ne kaɗai ke sa shi cewa halinta ne ba. Sau da yawa motar ba tasa ba ce, balas yake kaiwa kullum. In ya ce a gyara, mai mota ya ce ai tana tafiya; in ya ajiye ta kwana ɗaya, gidansa ba a ɗora tukunya. Jami'an kiyaye haɗurra kuma, waɗanda aka kafa hukumarsu tun 1988, suna iya ganin taya mai sanƙo da fitilar da ta mutu, amma rawar birki ba ta bayyana a motar da ke tsaye. Wanda ke jin ta shi ne direba, sai fasinjan gidan gaba, sai shugabannin tasha da ke ganin motar kullum. Akwai dai alamun da ba a kai su gobe: mota ta dinga fizga gefe guda in an taka, ko a ji kukan ƙarfe a kan ƙarfe, ko feda ta yi laushi tana nutsewa, ko ƙafa ɗaya ta yi hayaƙi. Wannan a sauke fasinja kawai.

Ni ma na biya nawa kuɗin makarantar. Tsohuwar Golf ɗina sau biyu ina canza mata faifan gaba cikin shekara guda, kowanne ya yi wata uku rawa ta dawo. A karo na uku na kai ta wajen wani dattijon makanike a garinmu. Bai tambaye ni komai ba, ya ce in zagaya da ita in dawo. Ya kara bayan hannunsa a ƙafar hagu, ya kara a ta dama, ya ce, "Malam, ta dama ce." Da ya kwance, ƙusar kalifa ɗaya sai da guduma ta fita, ja wur da tsatsa. Ya cire faifan ya nuna mini fuskar hob, ya kankaro wani ɓawon tsatsa da farcensa ya ɗora mini a tafin hannu, bai kai ƙwayar gero ba. Ya goge wurin har ya yi fari, ya sa sabuwar roba da giris, ya aika aka aske faifan biyu tunda da sauran kaurinsu, ya ɗaure notin da hannunsa yana tsallakawa, yaronsa na tsaye da bututu ya hana shi matsowa. Shekara biyu ke nan sitiyarin bai yi rawa ba. Faifan farko da aka ce mini ya lanƙwashe yana nan a tsakar gida, uwargida na danne murfin akurkin kaji da shi.